Suna ɗaya, aiki daban-daban: abin da ya faru da Kodi tsakanin siga ta 18 da ta 19

A watan Fabrairun 2021 masu kula da Kodi, manhajar kallon finafinai da sauraren waƙoƙi a gida, suka saki siga ta 19, wadda suka raɗa wa suna Matrix, shekara biyu bayan siga ta 18 mai suna Leia da ta fito a Janairun 2019. Wanda ya karanta sanarwar zai ɗauka cewa daga ranar duk mai amfani da Kodi ya samu abu guda. Ba haka aka yi ba. Mai kwamfutar Windows ya sauke ta nan take. Mai akwatin Android da bai kashe sabuntawar kai-tsaye ba ya wayi gari ya tarar ta sauya kanta. Mai ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da ke kan LibreELEC, wato tsarin Linux da aka gina domin Kodi kaɗai, sai da ya jira har watan Agusta, shi ma sai idan Pi 4 ce a hannunsa. Mai Pi ta farko ko Pi Zero kuwa, LibreELEC ta ajiye shi a hanya gaba ɗaya. Mai Xbox ya shafe watanni yana dakon tasa. Bayan kowa ya samu kuma, abin da ta iya yi a wannan na'ura ba shi ne abin da ta iya yi a waccan ba.

Wannan sauyi na zaɓa in bi daki-daki, domin shi ya fi fito da tambayar fili: idan aka ce manhaja ɗaya tana aiki a kan na'urori iri-iri, wane ɓangare nata ne ɗaya ɗin, wane ɓangare ne kuma ba zai taɓa zama ɗaya ba?

Ga wanda bai san ta ba, Kodi manhaja ce da ke mayar da na'ura cibiyar kallo da saurare ta gida. Ka tara finafinai, shirye-shirye, waƙoƙi da hotuna a faifai, ita kuma ta jera maka su a talabijin da hotunansu, da taƙaitaccen labarin kowanne, da alamar inda ka tsaya jiya, kana juya komai da rimot daga inda kake zaune. Kyauta ce, rubutunta a buɗe yake a ƙarƙashin lasisin GPL, 'yan sa-kai ne ke aikinta, gidauniyarta kuma ita ke riƙe da sunan. A kan na'urar wasa ta Xbox ta farko aka haife ta: Xbox Media Player a 2002, sannan Xbox Media Center, wato XBMC, a 2004. A wancan zamanin babu batun bambanci. Kowace Xbox furosesa iri ɗaya gare ta, da megabait 64 na ma'ajiyar aiki, don haka abin da ya yi a ɗakin wanda ya rubuta manhajar zai yi a ɗakin kowa. Zuwa 2008 ta shiga Linux da Mac da Windows. A 2010 aka daina kula da tsohuwar Xbox ɗin. Siga ta 12 ta kawo Android da Raspberry Pi a farkon 2013, a 2014 aka sauya sunan zuwa Kodi, a ƙarshen 2017 kuma ta koma gidan asali ta hanyar Xbox One. Duk ƙofar da aka buɗe sai ta zo da nata nauyin.

Akwai ɓangaren da da gaske ɗaya ne a ko'ina, kuma babba ne. Ainihin manhajar da harshen C++ aka rubuta shi, shi ake harhaɗawa domin kowace na'ura. Buɗe fayilolin bidiyo da sauti kusan duk FFmpeg ke yi. Fuskar da ake gani tun siga ta 17, wato Estuary, ita ce dai a waya, a kwamfuta, a talabijin. Yadda take jera finafinai, yadda take nemo bayanansu a intanet, yadda manhajar waya irin Kore ke zama mata rimot, duk babu sauyi. Wannan kamannin ne ke sa mutum ya saki jiki. Ido ya ga allo iri ɗaya, sai zuciya ta ɗauka cewa abin da ke ƙarƙashi ma haka yake.

Inda hanya ta rabu

Bidiyon zamani a matse yake sosai. Fim mai ingancin 4K da aka matse da tsarin HEVC, idan aka bar wa furosesar ƙaramar na'ura ta warware shi da kanta, hoto zai riƙa tsayawa yana tafiya, na'urar ta ɗauki zafi, murya ta bar baki a baya. Shi ya sa masu ƙera na'urori ke sanya wani ɓangare na musamman a cikin cif ɗin wanda ba shi da aiki sai warware bidiyo. To amma kowane tsari da ƙofar da ake bi a kai ga wannan ɓangare. A Windows DXVA ce. A Linux na kwamfuta VAAPI ce ko VDPAU. A na'urorin Apple VideoToolbox. A Android MediaCodec. Waɗannan huɗun da sauƙi, domin manyan kamfanoni ne ke tsaye a kansu kuma suna da tsayayyun ƙa'idoji.

Wahalar tana wajen ƙananan alluna da akwatuna masu araha, waɗanda su ne mutane da yawa ke liƙawa a bayan talabijin. Raspberry Pi tana da nata hanyoyin, MMAL da OpenMAX, masu dogara da rufaffen rubutun kamfanin Broadcom. Har na'urar kunna bidiyo ta daban, OMXPlayer, aka gina mata a cikin Kodi. Cif ɗin Amlogic yana da tasa hanyar, wadda ba ta aiki sai da wata tsohuwar zuciyar Linux, wato ainihin ɓangaren tsarin da ke sarrafa ƙarfen na'ura, da kamfanin ya gyara wa kansa. Cif ɗin i.MX6 ma haka. Kowanne da reshensa a cikin rubutun Kodi, kowane reshe kuma mutum ɗaya ko biyu ne suka fahimce shi. Idan aka taɓa wani abu a tsakiyar manhajar domin a kawo ci gaba, sai wani reshe ya karye a wata na'urar da mai gyaran bai taɓa riƙewa ba. Idan mai kula da reshen ya samu wani aikin ya tafi, reshen ya zama maraya, amma masu amfani da shi ba su san an tafi ba, ƙorafinsu kuma ƙungiyar yake zuwa wa.

Shawarar da aka yanke mai tsauri ce: a siga ta 19, a cire duk rubutun da aka yi domin cif ɗin kamfani guda. Duk na'urar Linux da ke son zama a cikin Kodi ta bi hanya ɗaya da ke cikin zuciyar Linux ta kowa da kowa, wato GBM da DRM wajen nuna hoto, V4L2 da makamantanta wajen warware bidiyo. Wanda cif ɗinsa bai da direba, wato rubutun da ke sa tsarin ya iya sarrafa cif ɗin, a wannan hanya, ya je ya rubuta, ko ya nemi wanda zai rubuta masa.

A lura da abin da aka zaɓa a nan, domin shi ne zuciyar lamarin. Abu biyu ne ake kira daidaito, kuma a wannan karon sun yi hannun riga. Akwai daidaiton rubutu, wato manhajar ta zama hanya ɗaya take bi a kowace na'ura. Akwai kuma daidaiton abin da mai kallo ke gani, wato abin da ya saba yi jiya ya iya yi yau. Ƙungiyar ta ɗauki na farko, ta san kuma na biyun zai taɓu na ɗan lokaci.

Abin da aka samu da abin da aka rasa

Raspberry Pi ce ta fi nuna fuska biyun. Pi 4 ta fito a tsakiyar 2019 da ikon warware HEVC har 4K, amma a ƙarƙashin siga ta 18 ba a iya cin moriyarta duka ba. Da LibreELEC 10 ta fito a Agustan 2021 da Kodi 19 a ciki, Pi 4 ta samu abin da babu wata Pi da ta taɓa samu: hoton HDR mai zurfin haske da launi, da miƙa sautin Dolby TrueHD da DTS-HD ɗanyensa zuwa amfilifaya. Wannan riba ce ta gaske, kuma sabuwar hanyar ce ta kawo ta.

A lokaci guda kuma abubuwa sun zube. Finafinan 3D, waɗanda tsofaffin Pi ke nunawa lafiya lau, sun daina. Gyaran layukan hoto da tashoshin talabijin na kai-tsaye ke buƙata bai kammalu ba a fitowar farko, sai daga baya. Pi 2 da Pi 3 ma daga baya suka shigo, kuma sun shigo ba tare da wasu dabaru da aka yi musu a da ba, waɗanda ke taimaka musu su ɗan iya HEVC duk da cif ɗinsu bai san shi ba. Wato mai Pi 3 da ya sabunta zai iya tarar da fim ɗin da ya kalla makon jiya yau yana sarƙewa, alhali lambar sigar gaba ta yi, ba baya ba. Ban ga laifinsa ba idan ya ji haushi. Ba a sayar masa da komai ba, gaskiya ne, amma ya gina al'adar gidansa a kan abin.

Masu Amlogic kuwa hanyarsu ta rabu da ta kowa. Direbobin cif ɗin a zuciyar Linux ta gama-gari ba su kai na kamfanin ba, musamman wajen HDR da wasu nau'o'in bidiyo. Ƙungiyar CoreELEC, wadda ta taso a 2018 domin waɗannan akwatuna kaɗai, sai ta ɗauki rubutun da aka cire ta ci gaba da riƙonsa da kanta a kan zuciyar Linux ta kamfanin. Sakamakon shi ne, akwati ɗaya tak, idan ka kunna shi da Android ɗin da ya zo da shi ka sa Kodi, wani abu za ka samu. Idan ka sa masa katin CoreELEC, wani abu daban za ka samu, yawanci mafi kyau. Ƙarfen bai canza ba, sunan manhajar bai canza ba, lambar sigar ma bai canza ba.

Sai batun Python, harshen rubuta manhaja, wanda ya shafi kowa ba tare da la'akari da na'ura ba. Ƙananan manhajojin ƙari na Kodi, masu kawo rubutun fassara a ƙasan allo, da hasashen yanayi, da tashoshin intanet, galibinsu da Python aka rubuta su. Python 2 ya kai ƙarshen rayuwarsa ranar 1 ga Janairun 2020, don haka siga ta 19 ta koma Python 3 ɗungurungum. An daɗe ana sanar da masu rubuta su, da yawa sun gyara nasu, amma waɗanda masu su suka watsar sai suka mutu a dare ɗaya. Saboda wannan ne ma LibreELEC ta ƙi tura sabuntawar kai-tsaye daga 9.2 zuwa 10, ta bar wa mutum ya yanke da kansa. Shagon Google Play ba ya irin wannan tambayar.

Gida ɗaya mai na'ura uku

A nan nake so in tsaya sosai, domin a nan ne duk abubuwan da ke sama ke haɗuwa a kan mutum guda. A ɗauki tsarin da ya zama ruwan dare a wajen masu amfani da Kodi: finafinai suna kan faifai ɗaya da ke haɗe da hanyar sadarwar gida, a falo akwai akwatin Android, a ɗakin kwana akwai Raspberry Pi mai LibreELEC, a kan tebur kuma kwamfuta mai Windows.

Kodi a yadda take zuwa, kowace na'ura da nata rumbun bayanan, ɗan fayil na SQLite da ke zaune a cikinta. Idan ka kalli rabin fim a falo, ta ɗakin kwana ba ta da labari. Maganin da aka daɗe ana yi shi ne a kafa rumbu ɗaya na MySQL ko MariaDB a kan na'ura guda, wato uwar garke, a rubuta adireshinsa a cikin fayil ɗin advancedsettings.xml na kowace na'ura, a kuma tabbatar duk suna kiran finafinan da adireshi iri ɗaya na smb ko nfs. Idan an yi haka, abin gwanin ban sha'awa: ka tsayar da fim a minti na 47 a falo, ka shiga ɗaki, allon ya tambaye ka ko ya ci gaba daga minti na 47.

Sai dai rumbun yana da lamba, kuma lambar tana bin sigar manhajar. Na siga ta 18 sunansa MyVideos116. Na siga ta 19 MyVideos119. Ranar da akwatin falo ya sabunta kansa, da aka kunna shi sai ya duba uwar garken, bai ga 119 ba, ya ga 116. Abin da aka tsara masa ya yi ke nan: ya kwafi 116 gaba ɗaya, ya gyara kwafin zuwa sabon tsari, ya sa masa suna 119, ya bar tsohon yadda yake. Babu saƙon kuskure, babu gargaɗi. Ɗan rubutu ne kawai ke wucewa a allo cewa ana sabunta rumbu. Komai yana nan daram, duk finafinai, duk alamomi.

Daga wannan daren gidan yana da rumbu biyu, babu wanda ya sani. Pi ta ɗakin kwana tana kan 116, domin LibreELEC 10 sai bayan wata shida za ta fito. Abin da aka kalla a falo yana shiga 119, abin da aka kalla a ɗaki yana shiga 116. A makon farko da wuya a gane. Sai wata rana a nemi kashi na gaba na wani shiri a ɗaki, a tarar yana nuna kashi uku da aka riga aka gani a matsayin sababbi. A ƙara sabon fim daga falo, a neme shi a ɗaki a rasa. Mai gidan zai zargi hanyar sadarwa, ya sake kunna uwar garke, ya sake binciken faifai, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Ranar da Pi ta samu siga ta 19 daga ƙarshe, za ta tarar 119 yana nan, ta kama shi, duk abin da aka kalla a ɗaki a tsawon watannin nan kuma ya tsaya a cikin tsohon rumbun da babu mai sake buɗewa.

Ƙa'idar a rubuce take a bayanan Kodi: duk na'urorin da ke raba rumbu dole su kasance a kan siga ɗaya. Matsalar ita ce, ba mai gidan ne ke riƙe da kalandar ba. Google Play da Microsoft Store suna tura sabuwa da kansu. LibreELEC tana da nata lokacin. Mai Debian 10, wani nau'in Linux, da ya sa Kodi daga ma'ajiyar tsarin, a lokacin ma siga ta 17 ce a hannunsa. Na'ura uku, masu ba da umarni uku.

Katangun da ba Kodi ta gina ba

Ko da an daidaita siga a ko'ina, da sauran rina a kaba, domin akwai bambance-bambancen da babu rubutun da zai goge su.

Sauti shi ne na farko. Mai amfilifaya da lasifikoki shida ko takwas yana so na'urar ta miƙa sautin fim ɗin yadda yake, amfilifayar ta warware da kanta. A Windows hakan na yiwuwa idan aka zaɓi WASAPI. Idan aka bar shi a DirectSound, manyan nau'o'in ba za su wuce ba. A Linux ALSA tana miƙa komai, amma a kwamfutar da PulseAudio ke riƙe da sauti, TrueHD da DTS-HD ba sa wucewa. A Mac tsarin kansa bai ba da hanyar miƙa su ba. A Android kuwa sai abin da mai ƙera akwatin ya ga dama: Nvidia Shield tana miƙa su, akwatuna da yawa ba sa yi, wasu ma suna iƙirarin iyawa amma shiru za ka ji. Idan kuma wayar haske ta S/PDIF ce tsakanin na'urar da amfilifaya, magana ta ƙare, domin ita ba ta ɗaukar abin da ya wuce Dolby Digital da DTS na asali.

Na biyu shi ne tafiyar hoto. Yawancin finafinai hoto 23.976 ne a kowane sakan, talabijin kuma ta saba sabunta allonta sau 60. Sittin ba ta rabuwa daidai da wannan adadi, sai a nuna wani hoton sau uku, na bayansa sau biyu. Idan kyamara na tafiya a hankali daga hagu zuwa dama, ido zai ga tana ɗingishi. Kodi tana iya umartar talabijin ta koma saurin fim ɗin, kuma a Windows da Linux hakan na aiki. A Android sai da Android 5 ta fito a 2014 aka ba manhajoji hanyar neman wannan, kuma dole mai ƙera na'urar ya yarda ya buɗe ta. Talabijin da yawa masu Android a cikinsu ba sa barin wata manhaja ta taɓa wannan.

Sai makullan kamfanonin da ke haya da finafinai ta intanet. Siga ta 18 ta buɗe hanyar kallon bidiyo mai kulle, amma makullin da ake amfani da shi, Widevine, mataki-mataki ne. Akwatin Android da aka tantance yana da babban mataki a cikin cif ɗinsa, ana ba shi hoto mai kyau. Linux ƙaramin mataki take samu, sai kamfanin ya rage mata inganci, furosesa kuma ta yi aikin warwarewa da kanta. A kan Pi, shekaru da dama sai an zaro fayil ɗin makullin daga cikin tsarin ChromeOS kafin abin ya tashi.

Shagunan manhajoji ma da nasu. Kodi ba ta cikin shagon Apple. Mai iPhone ko Apple TV sai ya ɗora ta da kansa, kuma sa hannun asusun kyauta kwana bakwai yake yi ya mutu, a sake. Abin lura, siga ta 19 ɗin nan ce ta kawo goyon bayan tvOS a hukumance, amma katangar shagon ba ta motsa ba. Amazon ya cire Kodi daga shagonsa a 2015 bisa zargin ana amfani da ita wajen satar fasaha, ko da yake ita kanta ba ta zuwa da fim ko ɗaya. Android 11 kuma ya rufe wa manhajojin sarrafa fayil hanyar shiga inda Kodi ke ajiye saitunanta, har saka ɗan fayil ɗin nan na advancedsettings.xml, wanda a Windows kwafi da liƙawa ne kawai, ya zama aiki.

Yadda nake ganin lamarin

Ina tare da shawarar cire rubutun kamfanoni, kuma ba da rabin zuciya ba. Ƙungiyar 'yan sa-kai ba za ta iya ɗaukar nauyin kowane cif da wani kamfani ya jefo kasuwa ya juya baya ba. Da an ci gaba a haka, ko dai manhajar ta tsaya cik don gudun karya wani reshe, ko kuma rassan su riƙa ruɓewa a ɓoye. Direban da aka rubuta a zuciyar Linux ta kowa kuma ba Kodi kaɗai yake amfana ba, duk wata manhaja da ke kan na'urar tana cin gajiyarsa, kuma yana rayuwa bayan kamfanin ya manta da cif ɗin. Masu Pi 3 da masu finafinan 3D ne suka biya kuɗin wannan gyara, kuma bai kamata a yi kamar ba su biya ba.

Inda nake ganin an gaza shi ne wajen gaya wa mutum gaskiyar na'urarsa. Kodi tana ɓoye duk saitin da na'urar ba ta iya ba. Niyyar mai kyau ce, kada a cika allo da abin da ba shi da amfani. Amma ga abin da ke faruwa: mutum ya karanta bayanin da aka rubuta a kan Windows, an ce ya shiga saitin sauti ya kunna TrueHD. Ya shiga a akwatinsa, babu. Ya tuna saitunan suna da mataki huɗu, ya ɗaga zuwa na ƙwararru, har yanzu babu. Ya cire manhajar ya sake sakawa. Ya sayi sabuwar wayar HDMI. Duk wannan wahalar layi ɗaya zai kawar da ita: a bar saitin a wurinsa a dushe, a rubuta a ƙasansa cewa wannan na'ura ba ta ba da hanyar ba. Tunda ba za a iya sa na'urori su zama ɗaya ba, aƙalla manhajar ta zama ɗaya wajen faɗin abin da ta iya da abin da ba ta iya ba, da dalilin. Haka nan rumbun da ake rabawa: kafin a kwafe shi zuwa sabuwar lamba, tambaya guda a allo za ta ceci watannin alamomi.

Wasu za su ce ai Plex da Jellyfin, manhajoji masu irin aikin Kodi, sun magance wannan. Plex ma daga XBMC ta ɓalle a 2008, Jellyfin kuma daga Emby a ƙarshen 2018. Tsarinsu uwar garke ɗaya ce ke riƙe da komai, na'urorin kallo suna tambayar ta. Ta fuskar rumbu sun yi nasara ƙwarai: babu ruwan uwar garken da sigar da ke falo ko ɗaki. Amma ta fuskar hoto da sauti, bambancin na'urori yana nan, rufe shi kawai ake yi. Idan na'urar ba ta iya wani nau'i ba, uwar garken ta sauya fim ɗin nan take zuwa wanda ta iya, sau da yawa da ragin inganci, kuma sai tana da ƙarfin yin hakan. Shi ya sa mutane da yawa ke haɗa biyun: Jellyfin ta riƙe rumbu, Kodi ta yi aikin nunawa ta hanyar manhajar ƙari da ke haɗa su.

Bayan Matrix abin bai tsaya ba. Siga ta 20, Nexus, ta fito a Janairun 2023 da rumbu mai lamba 121, ta kawo warware AV1, wani sabon tsarin matse bidiyo, da cif a wasu na'urori ban da wasu. Siga ta 21, Omega, ta fito a Afrilun 2024 da lamba 131, ta ƙara talabijin ɗin LG masu webOS a jerin, ta kuma inganta Dolby Vision a Android, abin da kwamfutar Windows ko Linux ba ta samu ba. Raspberry Pi 5 ta 2023 ta zo da mai warware HEVC kaɗai a cif ɗinta, tsarin H.264 da ya girme shi, wanda Pi ta farko ma ke yi da cif, ita da furosesa take yin sa. Don haka mai na'urori da yawa a gida ɗaya, kafin kowace babbar siga ta iso, ya kashe sabuntawar kai-tsaye a Google Play da Microsoft Store, ya ajiye kwafin rumbunsa da manhajojinsa na ƙari, ya jira na'urar da ta fi jinkirin samun sabuwar siga. Idan tata ta fito, sai ya kashe sauran, ya sabunta ɗaya ta gyara rumbun ita kaɗai, sannan ya bi ragowar a rana guda.